Injin Yaya Sale da Hanyar Damagaram

Ina tsugune a ƙofar shago ina wanke kabureta, da hantsin wata Laraba, sai Garba mai wayar kuɗi ya taso daga ƙarƙashin lemarsa. Da ma in an kira ni, daga can yake ƙwala mini kira. Ran nan takowa ya yi har inda nake, ya miƙo wayar, ya ce, "Habibu, daga Nijar ne." Muryar da na ji ba ta Yaya Sale ba ce. Wani mutum ne, da irin tasu Hausar, ya ce an samu wannan lambar a aljihun baƙonsa. Baƙon ya rasu jiya bayan azahar, an yi masa sutura kafin magariba.

Wata biyu ke nan da dawowata daga Damagaram, kuma kullum a majalisa sai an tambaye ni yadda hanya take da yadda na sami mutanen can. Ina ba da amsa guntu-guntu, wani lokaci in tashi ban ƙarasa ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya.

Ga wanda bai san shagonmu ba, yana bakin hanyar da ta fita daga Rano zuwa Kibiya. Ni walda nake yi da gyaran babur. Yaya Sale, wanda nake bi, shi ne mai gyaran injinan ban-ruwa da na niƙa. Abin da ya daɗe yana damunsa shi ne, duk ɗan ƙarfen cikin inji, bushi ko shaf, da ya cinye sai an kai Kano wurin masu injin kwance, wanda ƙarfe ke juyawa a cikinsa ana sassaƙe shi. Manomi ya yi kwana uku yana jira, albasarsa tana ƙonewa. Irin wannan injin ya fi ƙarfinmu. Shekara biyu da suka wuce sai Alhaji Bala, ɗan kasuwar wake daga Kibiya, ya samo masa wani ƙaramin inji wurin wani tsohon makaniki a Damagaram. Milin ake ce masa, mu muna ce masa injin tsaye. A kan benci yake zama, mutum biyu sa ɗaga shi. An yi shi ne don huda ƙarfe da share masa fuska: ka matse ƙarfen a bais, wato abin damƙe ƙarfe, a kan tebur, haƙori, wato abin yankan, ya juya daga sama ya ci shi.

Yaya sai ya juya masa aikin. Haƙorin ya matse a bais, ƙarfen kuma ya ɗaure shi a sama cikin cok, wato bakin da ke riƙe abin huji. Ƙarfe yana juyawa a tsaye, shi yana murza hannun tebur a hankali har haƙori ya taɓa shi, sannan ya riƙa sauko da kan injin yana ɗagawa. Tagulla ta yi ta zuba kamar dusa. Babu wanda ya koya masa. Daga Rurum, daga Durba, har daga cikin Kibiya aka riƙa kawo masa aiki.

Aibu ɗaya injin yake da shi. Wuyan cok ɗin a tsuke yake, cusa shi ake yi cikin ramin sandar da ke juyawa a buga masa gudumar katako. Lokaci-lokaci yakan saki ya faɗo. Yaya ya ɗauka, ya goge, ya mayar, ya ƙara masa guduma biyu. Ranar wata Litinin yana yi wa Malam Audu na Durba bushin injin ban-ruwa, cok ya saki ana tsakiyar gudu, ya daki bais, ya tashi ya same shi a gefen kai, saman kunne. Ya zauna a ƙasa ɗan lokaci. Babu jini. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ce, "Wannan Bafaranshen ba shi da ladabi." Ya kuma ce kada in gaya wa Inna. Ranar Asabar ya tafi Damagaram neman sabon cok, don na Kano ba sa shiga.

Bazara ce, zafi ya yi tsanani, saboda haka duk wanda ya zo gaisuwa cewa yake sanƙarau ne. Ni ma na so in yarda da haka. Bayan addu'ar bakwai Inna ta kira ni ɗakinta. Yaya ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ran nan ma ba ta kira ba. Ta ce, "Abu biyu nake so. Ka je ka ga inda suka kwantar da yaron nan da idonka. Sannan ka tambayo mini abin da ya kashe shi."

Alhaji Bala ya ce shi zai raka ni, tunda ya san hanya kuma ta hannunsa injin ya zo. Bayan asuba ya same ni ina rufe shago. Na ja sakata na maƙala kwaɗo, ya ɗan girgiza ta ya ce, "Kai ka haɗa wannan? Ko ɓarawon birni sai dai ya yi mata sallama ya wuce." Yana so ne in yi murmushi, na yi masa.

Daga Rano zuwa Kano kwandunan tumatir sun fi fasinja yawa a motar. Ɗaya ya yi ta ɗiga a kan ƙafata har Bunkure, da wannan jan tabon a wando na shiga ƙasar mutane. A Kano mun yi awa biyu muna jiran mutum ɗaya motar Damagaram ta cika. Da ya zo, ashe da buhun bokitai ya zo, aka sake sauke kaya aka ɗaure. Mata uku aka sa a kujerar baya su kaɗai, kamar yadda ake yi yanzu.

Bayan Kazaure motar ta fara tafasa. Direba ya buɗe gaba ya tsaya yana kallo. Na leƙa, na ga tiyon ruwa ne ya tsage, na yanke inda ya lalace na ɗaure da waya. Wata Hajiya mai fataucin atamfa ta ce, "Ashe da makaniki muke tafe. Aiki za ka je yi can?" Alhaji Bala ya raɗa mata abin da ke tafe da ni. Sai ta miƙo mini dabino cikin ƙulli, ta ce in yi wa mamaci sadaka da hannuna. A Daura aka tsaya sallah da cin abinci. Shinkafa da wake ce, ban iya cin rabi ba.

A kan iyaka, a Kwangwalam, na sha zama. Ɓangarenmu ba a riƙe mu ba. A ɓangarensu wani mai kaki ya yi mini tambaya da Faransanci, da ya ga ina kallonsa sai ya koma Hausa tsaf kamar ɗan unguwarmu. Katin rigakafin sanƙarau yake nema, ni kuma ban taɓa sanin ana tafiya da shi ba. Ya ce me ya kawo ni. Na ce wana ne ya rasu a Damagaram. Ya cire tabarau, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa tare. Sannan ya mayar da tabarau ya ce, "To, amma kati sai da kati." Aka nuna mini wata rumfa inda ake allura. Mai allurar ya tafi gida, sai bayan la'asar ya dawo. Motarmu ta gaji da jira ta wuce, Hajiyar nan tana ɗaga mini hannu ta taga. A bayan wata akori-kura muka ƙarasa Matamai, tare da awaki huɗu, hannuna yana kumbura. Daga nan wata mota ta kai mu Damagaram da magariba.

Gidan Alhaji Mamman muka sauka, mai masaukin fatake, shi ne wanda ya kira ni a waya. Ya hango Alhaji Bala tun daga zaure ya ce, "A'a, bayinmu Kanawa sun iso! A kawo musu tabarmar awaki." Alhaji Bala ya ce, "Wanda ke cin waken Kibiya ya rayu, shi ke kiran wani bawa?" Kun san wasan da ke tsakaninmu da Damagarawa. Sai ya dube ni sosai, dariyar ta tsaya. Ya ce, "Ƙanensa ne. Goshin ɗaya." Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

Ɗakin da Yaya ya kwana aka ba ni. Jakarsa tana rataye a ƙusa, hularsa a kanta. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu, da wani busasshen cuku mai faɗi kamar takarda. Shayinsu ba irin namu ba ne na babban kofi da madara. A ɗan ƙaramin gilashi ake ba ka, har sau uku, na farko ɗaci kamar magani. In ka sha ɗaya ka tashi, ka yi rashin kunya. Burodinsu dogo ne kamar sanda, washegari kuma sai ka iya buga ƙusa da shi.

Da safe Alhaji Mamman ya zaunar da ni a zaure ya ba ni labari. Ya ce Yaya ya iso ranar Asabar yana kukan ciwon kai. Ranar Lahadi ya je wurin tsohon makanikin, ya dawo da fara'arsa, har ya ci abinci. Ranar Litinin ya fara amai da barcin da ba na lafiya ba, magana tana sarƙe masa. Suka kai shi ƙaramin asibitin unguwa.

"Mu ma sanƙarau muka ɗauka," in ji shi. "Likitan ya lanƙwasa masa wuya, ya ce a'a, wuya lafiya lau. Sai ya cire masa hula. Nan, saman kunne, a kumbure. Ya ce jini ne ya taru a cikin kai, sai babban asibiti. Kafin a gama shirin kai shi Allah ya karɓi abinsa. Ya tambaye mu ko an buge shi, muka ce mu dai haka ya zo mana. Kai ka san wani abu?"

Na ce na sani. Na gaya masa abin da ya faru ranar Litinin ɗin. Ya ce, "Kwana ne ya ƙare, ɗana." Na ce haka ne.

Daga nan muka tafi maƙabarta. Mu a gida fasasshiyar tukunya muke kifawa a kan kabari. Su duwatsu suke jerawa, su rufe da ƙaya. Alhaji Mamman ya kai ni wurin wasu sababbi guda biyu a jere, ya nuna na dama. Mai haƙan kabari ya taso ya ce a'a, na dama na wani Buzu ne da aka kawo rana ɗaya, baƙon Kano shi ne na hagu. Alhaji Mamman ya ce shi ya shiga ramin da kansa. Mai haƙa ya ce shi ya haƙa ramin. Suka yi ta yi ƙasa-ƙasa, kowa yana rantsuwa. Na ce su bari. Na tsuguna a tsakiya na yi wa duka biyun addu'a, na raba dabinon Hajiya ga waɗanda ke wurin.

Sauran abu ɗaya, in ga tsohon, in karɓi abin da Yaya ya zo nema. Muka isa da azahar muka tarar da shagon a rufe. Ashe can da rana ta take gari duka rufewa yake yi, har ofisoshi, sai la'asar. Muna tsaye muna shawara sai ga wata mata a kan babur, ita ke tuƙi, da goyo a bayanta, saura kaɗan ta kwashe Alhaji Bala. Ya yi tsalle ya ce, "Hajiya, a garinmu ko ɗaukar ki ba a yarda ɗan acaɓa ya yi ba!" Ta waiwayo ta ce, "To ka koma garinku ka tsaya a tsakiyar hanya!" Muka zauna a inuwar wani bango har aka kira sallah.

Malam Isufu sunan tsohon. Gajere ne, tabaransa ɗaure da zare, yatsa ɗaya na hannun hagu babu. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce, "Yayanka ya ba ni mamaki. Mu ma mukan juya wa injin nan aiki in abu ƙarami ne, amma mu Nasara ya nuna mana. Shi da kansa ya gano. Bakano da kai irin wannan, ban taɓa gani ba."

Na ce, "Baba, ya samu cok ɗin da ya zo nema?"

"Cok ɗinsa lafiyarsa ƙalau. Zo ka gani."

Yana da ɗan'uwan injinmu a kan benci. Ya taka wani akwati, ya sa sifana a can saman injin, inda ban taɓa dubawa ba, ya kwance, ya zaro wani dogon ƙarfe, tsawonsa kamar kamu ɗaya, da kai irin na noti a sama da zare, wato tsagar da ake murzawa, a ƙasa. Ya nuna mini ƙarshen wuyan cok, ashe akwai rami mai zare a ciki.

"Sandar nan rami ce tun daga sama har ƙasa," in ji shi. "Wannan yana bi ta ciki ya kama wuyan cok ya ja shi sama. In huji kake yi, aikin da kansa yana tura cok ciki, ba ruwanka. Amma in ta gefe haƙori yake ci, kowane juyi girgiza shi yake yi. Ba wannan, dole ya saki. Shekara biyu yana aiki haka! Da ya gaya mini sai da na zauna."

Alhaji Bala ya ce, "To ai kai ne ba ka sa shi a akwatin ba, tsoho."

"Ni? Da hannuna na ɗaure shi da waya a jikin katakon akwatin, ta ciki, don kada ya lanƙwashe a hanya. Haka na gaya wa marigayi. Ya karɓi wannan ya daɗe yana juya shi. Sai ya yi dariya har ya dafe kai. Ya ce, 'Baba, na san inda yake. Yana can yana tsare mana shago.' Wai sakata aka yi da shi. Na ce wane mai hankalin ne ya yi wannan aiki? Ya ce, 'Ni ne.'"

Ranar da akwatin ya iso Rano, Yaya yana kasuwar Kibiya. Ni na fasa shi. Na ga dogon ƙarfe a jikin katako, na ɗauka na ƙarfafa akwati ne, na jefa shi cikin tarkace. A satin sakatar shago ta karye. Na ɗauko shi, na yanke zaren, na yi masa hannu da walda. Yaya da ya gani ya yaba, ya ce aiki ya yi kyau.

Na ce, "Baba, ba shi ba ne."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Ni dai abin da ya faɗa mini ke nan, kuma shi ne mai injin." Alhaji Bala ya fita waje, ya ce zai nemo ruwa.

Tsohon ya jawo wani abu daga ƙarƙashin benci, naɗe cikin takardar siminti. Ya ce Yaya ya sa shi ya yi masa sabo, da alkawarin zai zo ya karɓa ranar Talata. Ya ji labarin rasuwar, amma ya ƙarasa shi, don ba ya barin aiki a rabi. Ya sa ni na ɗaura shi a injinsa na kwance har sau uku. Ya ce kada in matse da ƙarfin tsiya. Ya ce tagulla da alminiyam kawai, kada in bar ƙarfen ya fito da tsawo daga cok, kuma haƙori ya ci kaɗan-kaɗan. Ina ji ina cewa to. Da za mu rabu ya riƙe kafaɗata da hannun nan mai yatsa huɗu, ya ce, "Injin ba shi da laifi, kai ma ba ka sani ba. Ka je ka yi aiki."

Dawowa ba ta da labari mai yawa. A kan iyaka mai kakin nan ya gane ni, ya tambayi hannuna, ya buɗe jakar Yaya, ya ɗaga ƙarfen ya ce na mene ne. Na ce na inji ne. A Kazaure Alhaji Bala, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce mini, "Daga bakina ba mai ji." Na gode masa.

Na sami Inna a kan tabarma tana tsince wake. Na ajiye jakar da hular a gabanta. Na ce na ga wurin, na yi addu'a, mutanen kirki ne suka yi masa sutura. Ban ce mata kabari biyu ne ba. Ta ce, "Na biyun fa?" Na ce, "Ba sanƙarau ba ne, Inna. Buguwa ce a kai, a wurin aiki, tun kafin ya tafi." Ta ce, "Injin nan ne?" Na ce, "Shi ne." Ta ɗauki hular ta sa a cinya, ta ci gaba da tsintar wakenta. Na ɗan jira ko bakina zai ƙarasa, sai na ji ina cewa bari in je in duba shago.

Malam Audu na Durba ya zo gaisuwa sau biyu bai ambaci injinsa ba. Daga wurin wasu na ji rabin albasarsa ta ƙone kafin ya sami aron wani. Bushinsa yana nan a kan benci, gefe ɗaya sumul, ɗaya gefen da tabon inda haƙori ya kafce shi. Sabon ƙarfen na ɗaura shi yadda aka nuna mini, ya zauna daidai, cok ko motsi ba ya yi. Ban kunna injin ba tukuna. Sakatar tana ƙofa, kowace safiya ni nake janta.

Ku da za ku karanta wannan, roƙona ɗaya ne: kada Inna ta ji a bakin wani. Ita ta aike ni, ni ya kamata in kai mata amsar a cike. Har yau ban gaya mata ba.